Kun ɗauki hoton tukunyar, ina sunan maginiyar?

Wata sabuwar ɗabi'a ta shigo zaurukan baje kolin zane-zane a Abuja da Legas da biranen Turai, kuma na gaji da haɗiye baƙin cikinta. A kashe fitilu, a kunna majigi, a haska hoton randa ko kan mutum-mutumin Nok a bango, ya riƙa juyawa yana sauya launi, kiɗa na tashi a hankali. A gefe kuma a dasa tukunya ta gaske a kan dakali, domin a ce an haɗa fasahar zamani da ta gargajiya. Ƙarƙashin hoton bangon an rubuta sunan saurayin da ya sarrafa kwamfuta, da makarantar da ya yi, da biranen da aikinsa ya taka. Ƙarƙashin tukunyar kuwa, ɗan guntun rubutu ne: aikin gargajiya, Arewacin Najeriya. Shi ke nan. Kamar ƙasa ce ta tsage tukunyar ta fito da kanta.

Ni ɗan Fadan Kagoma ne, daga ƙasar Gwong a ƙaramar hukumar Jema'a. Maƙwabtanmu Ham ne, kuma daga garinmu zuwa Kwoi da ƙauyen Nok ba wata tafiya ba ce. Saboda haka idan ana maganar yumɓun da duniya ke tinƙaho da shi, maganar ƙasar da muke shuka citta da acca a cikinta ake yi. Ina da hurumin yin fushi, kuma zan yi shi a fili.

Mun taɓa ganin wannan wasan. A 1928 masu haƙar kuza suka fara cin karo da waɗannan gumakan yumɓu kusa da Nok. A 1943 aka tono wani kai a yankin Jema'a, wani ma'aikacin ma'adinai ya kafa shi a gonar doyarsa don korar tsuntsaye, kafin ya faɗa hannun Bernard Fagg, Baturen da ya raɗa wa wannan wayewa sunan Nok, ya kuma buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Har gobe littattafan duniya suna kiran wannan yanki na yumɓu da sunan Kan Jema'a. Binciken baya-bayan nan ya nuna mutanen Nok sun zauna a nan tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Almasihu, sun fara gina gumakansu wajen shekara 900 kafin haihuwarsa, kuma suna cikin na farko-farko da suka narka tama a Afirka ta Yamma. Abin alfahari ne. To, me ya biyo baya?

Wawaso ya biyo baya. A shekarun 1990 dillalai suka bazama ƙauyukanmu, suka ba matasa shebur da diga da ɗan abin sawa a baki, aka rarake ƙasa kamar an sako gafiyoyi, aka kwashe gumaka aka fitar da su ta ɓarauniyar hanya. Abin ya kai a 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa gumakan Nok a jerin kayan Afirka da ke cikin haɗarin sata, ta gargaɗi kowa kada ya saya. A wannan shekarar kuma gidan tarihi na Louvre a Faris ya buɗe sabon sashe, da gumakan Nok biyu a ciki waɗanda aka sayo daga hannun dillali. Da aka yi ca, sai a 2002 Faransa ta amince cewa kayan na Najeriya ne, ita kuma Najeriya ta bar mata su aro na shekara 25, aron da ake iya sabuntawa. Kayanka, a gidan wani, da sa hannun gwamnatinka.

Masanan jami'ar Goethe ta Frankfurt, ƙarƙashin Peter Breunig, sun fara aiki a yankin nan a 2005, da sansani a Janjala ta ƙaramar hukumar Kagarko. Sun yi bincike mai nauyi, ba na musu. Amma babban baje kolin abin da suka tono, a gidan Liebieghaus na Frankfurt aka buɗe shi a ƙarshen 2013. Daga baya kayan suka dawo aka ajiye su a Kaduna. Bajamushe ya riga ɗan Kwoi da ɗan Kagoma ganin abin da aka ciro daga bayan gidansu. Masana 'yan Najeriya sun yi ƙorafi a lokacin, kuma ƙorafinsu yana kan hanya.

Wancan karon jiki aka ɗauka. Yanzu siffa ake ɗauka, kuma ita ba ta buƙatar mota ko cin hanci a kan iyaka. Waya ɗaya ta isa. Ka zagaya tukunya kana ɗaukar hotuna ta kowane ɓangare, manhaja ta harhaɗa su ta fitar da siffar tukunyar cikakkiya, mai tsawo da faɗi da kauri, har da ɗan tabon da babban yatsa ya bari a wuyanta. Daga nan ana iya haska ta a bango, ana iya sa mutum ya ɗaura tabarau na musamman ya shiga cikinta, ana iya buga ta da na'ura, ana iya sayar da ita a intanet. Na'urorin ƙirƙirarriyar basira kuma sun haɗiye ɗimbin hotunan da ke yawo a intanet. Ka rubuta musu Nok, nan take su zubo maka kawuna masu idanu irin na gumakanmu, da hudar ƙwayar ido da kitso da komai, ka buga a riga ka kai kasuwa.

Kuɗin da ke wannan harka ba na wasa ba ne. A watan Maris na 2021 kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da aikin dijital na wani Ba'amurke da ake kira Beeple a kan dala miliyan 69. A watan Oktoba na shekarar, kamfanin ya yi gwanjon ayyukan dijital na Osinachi, ɗan Najeriya daga Aba wanda ke zane da manhajar Microsoft Word, ya zama ɗan Afirka na farko da aka yi wa haka. A shekarar ce kuma kasuwar zane-zane ta ART X Lagos ta ware wa irin waɗannan ayyuka wuri na musamman. Osinachi guminsa ya ci, Allah ya ƙara buɗi. Kasuwar irin waɗannan ayyukan dijital, da ake kira NFT, ma ta faɗi warwas daga baya. Sai dai ƙofar da ta buɗe ba ta rufe ba: yau duk wanda ke neman tallafin wata gidauniyar waje ya san kalmomin da ke buɗe asusu, wato al'adun gargajiya da fasahar dijital. Ya haɗa su a takarda ɗaya, ya nufo ƙauye da kyamara.

Wasu irinsu sun zo unguwarmu a wani Disamba, lokacin da 'yan birni ke dawowa Kirsimeti. Samari ne masu ladabi, da jakunkuna a baya. Suka sami wata tsohuwa da ta tsufa a kan ginin tukwane tana zaune a inuwar mangwaro. Wanda bai taɓa zama kusa da maginiya ba, bai san abin da ke cikin randa ɗaya ba. Ita ce ke zuwa bakin rafi ta haƙo yumɓu, ta san wanda zai jure wuta da wanda zai fashe tun daga yadda yake kama yatsa. Ta shanya, ta daka, ta tankaɗe, ta haɗa da garin tsingaro, ta kwaɓa, ta taka da ƙafa har ya yi laushi. Ba ta da injin juyawa. Ita ce ke zagaya tukunyar a duƙe, tana ɗora yumɓu zobe bisa zobe, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, tana kankare cikin da guntun ƙwarya. Ta murza totuwar masara a kafaɗar tukunyar don ado, ta goge da ɗan dutse mai santsi. Bayan ta bushe a inuwa, a jera, a rufe da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta. Tukwanen na fitowa da zafinsu ta yayyafa musu makuba, su yi duhu su yi ƙyalli. Sannan ta ƙwanƙwasa kowace da yatsa tana saurare. Wadda ta yi ƙarar tsagewa, aikin kwanaki ya tafi a banza.

Samarin suka ce, "Mama, ki ɗan ɗaga hannun sama, haske bai kama ba." Ta ɗaga. "Mama, ki sake murza totuwar." Ta sake. Da suka gama ta tambaye su, "'Ya'yana, ina za ku kai hotunan nan?" Suka ce, "Duniya za mu nuna wa, Mama." Suka damƙa mata kuɗin sabulu, suka sayi tukunya ɗaya ba tare da sun taya ba, suka tafi. Bayan wasu watanni wani ƙanena ya nuna mini bidiyo a Instagram daga wani zauren baje koli. Ga hannayenta nan sun cika bango, ga totuwar na birgima, yumɓun na rikiɗa zuwa ɗigo-ɗigon haske. An yanke fuskarta. Babu sunanta, babu sunan Kagoma. Mutane sanye da kaya masu tsada suna tsaye a gaban hannayenta suna ɗaukar kansu hoto. Ita kuwa ranar kasuwa tana nan a rana, tana ciniki da mai cewa bokitin roba ya fi araha. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Za a ce mini ai aikin gargajiya ba shi da mai shi, na al'umma ne. Wannan magana ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai amfani ga wanda ba ya son biya. Shiga kasuwar kowane ƙauye a ƙasar Gwong ko Ham ko Bajju ko Atyap ka ɗauki tukunya, matan da ke wurin za su gaya maka gidan da ta fito. Sun san hannun kowace maginiya, sun san wa ke saƙa kwandon da ba ya kwancewa, sun san maƙerin da fartanyarsa ke kai damina uku. A ƙauye kowane aiki yana da suna. A hanyar birni sunan ke faɗuwa, domin wanda ya ɗauko aikin bai ga dalilin tambaya ba. Idan kuma da gaske na al'umma ne, to ai al'ummar tana nan da ranta, da Kpop Gwong a fadarsa, da hakimai da dagatai da ƙungiyoyin mata. Wa ya nemi izininsu?

Duba abin da suna ya yi wa mace ɗaya. Ladi Kwali, Bagwariya ce da ta koyi gini a hannun gwaggonta, da irin wannan hanya ta zagaya tukunya a duƙe. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. A can ta haɗu da fasahar zamaninta: injin juyawa, da murhu mai tsananin zafi, da ruwan ƙyalli. Ba ta guje su ba, ta yi amfani da su a kan randunanta masu zanen kada da kunama da hawainiya. Bambancin shi ne tambarin sunanta na kan aikin. Da sunanta aka baje tukwanenta a Landan, da sunanta Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, kuma bayan rasuwarta a 1984 hotonta ya hau kan takardar naira ashirin. Da an rubuta "wata Bagwariya" a ƙarƙashin tukwanenta, da yau babu wanda ya san an yi ta. Ladi nawa muka binne a kudancin Kaduna ba tare da an rubuta sunansu ko a bayan kwali ba?

Haɗa tsohuwar hikima da sabon salo ma ba yau aka fara shi a jihar nan ba. A 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a kwalejin Zariya, suka ce ba za su kwaikwayi Turawa ido rufe ba, za su koma ga fasahar gida. Okeke ya koma wajen mahaifiyarsa ya koyi zanen uli na matan Ibo. Nwoko ya ɓata shekaru yana gwajin yumɓu da wuta yana nazarin gumakan Nok, har ya ƙera murhunsa. Sun durƙusa sun koya, hannunsu ya yi datti. Na yanzu kuwa wuni ɗaya ya ishe su: su iso da hantsi, su juya da la'asar, su koma su rubuta cewa sun ceto al'adar da ke bakin mutuwa. Abin da ke ceton sana'a shi ne a sami yarinyar da za ta gaji tsohuwa, kuma yarinya ba za ta gaji sana'ar da ba ta ciyar da mai ita ba. Hoto ko ya kai girman bango, ba ya riƙe ruwa, ba ya dafa wake, ba ya koya wa kowa yadda ake gane yumɓu mai kyau.

Kada wani ya ce ina gaba da kwamfuta. Ina so yaranmu su ƙware a kanta fiye da kowa, kuma na ga inda aka yi amfani da ita da mutunci. A watan Nuwamba na 2022 aka buɗe rumbun Digital Benin, wanda ya tattara bayanan kayan masarautar Benin sama da dubu biyar da ke warwatse a cibiyoyi 131 cikin ƙasashe 20. An sa sunayen kayan da harshen Edo, an naɗi muryoyin dattawa da masu sana'a na Benin, kuma kowa na iya dubawa kyauta. A jihar Kuros Riba, gidauniyar Factum ta yi aiki da masana na gida wajen ɗaukar siffar sassaƙaƙƙun duwatsun Bakor, aikin da ya taimaka wajen gane waɗanda aka sace suka ɓulla a ƙasashen waje. Chidi Nwaubani da abokansa na shirin Looty sun shiga gidan tarihi na Birtaniya sun ɗauki siffar tagullan Benin da aka wawashe a 1897, suka ce wani kaso na abin da suka samu zai tafi ga matasan masu zane na Afirka. Ashe ana iyawa. Na'urar da ake sata da ita, ita ce kuma ake bin sawun ɓarawo da ita. To, ina irin wannan rumbu na Nok? Ina jerin gumakanmu da ke Faris da Brasels da Amurka, wanda ɗalibi a Kagoma zai buɗe a wayarsa ya gani?

A nan fushina ya juyo gida, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kudancin Kaduna ba ya rasa masu ilimi. Muna da farfesoshi da janar-janar da manyan sakatarori. Fadan Kagoma kanta ta haifi gwamna, marigayi Patrick Yakowa. Muna da kwalejin ilimi a Gidan Waya, da reshen jami'ar jihar Kaduna a Kafanchan. A Kafanchan ɗin nan gidauniyar Fantsuam ta fara koya wa 'yan karkara kwamfuta da kai musu intanet tun lokacin da manyan garuruwa da yawa ba su san shi ba. Amma ku dubi yadda mu da kanmu muke yi wa masu sana'ar hannu. A bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu, da Tuk Ham na Kwoi, da namu taron na Gwong, manyan baƙi na ƙarƙashin rumfa a kan kujerun alfarma, masu tukwane da kwanduna da faifai na can gefen fili a cikin ƙura. A ɗauko tulu a miƙa wa babban baƙo kyauta, mai gabatarwa ya jero sarautun baƙon kaf, bai ambaci wadda ta gina tulun ba. Gidajen manyanmu cike suke da furannin roba daga Dubai. Da wane baki za mu zargi baƙo da raina abin da muka riga shi rainawa?

Doka ma tana nan, barci take yi. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta a 2022, ta ba ayyukan gargajiya kariya, kuma ginin tukwane da sassaƙa da saƙa suna ciki. Ta hana a kwafe su don kasuwanci ba tare da izini ba, ta kuma wajabta a ambaci al'umma ko wurin da aka samo su. Hukumar kula da haƙƙin mallaka ce aka ɗora wa wannan nauyi, kamar yadda aka ɗora wa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa nauyin kayan tarihi tun 1979. Amma tsohuwar da ke Kagoma ba ta san da wannan doka ba, kuma babu wanda ya taɓa zuwa ya fassara mata ita da Gyong ko da Hausa. Dokar da mai haƙƙi bai san da ita ba, mai cin haƙƙi take wa aiki.

Abin da nake nema ba shi da wuya. Duk wanda zai ɗauki hoto ko siffar aikin hannu don baje koli ko sayarwa, ya fara gaya wa mai aikin gaskiyar inda za a kai shi, da harshen da take ji, a gaban shaida. A rubuta sunanta da na ƙauyenta da haruffa masu girman na mai kwamfuta, a wuri ɗaya, domin aikin na mutum biyu ne. A yanka mata kaso a rubuce daga kuɗin tallafi da na ciniki, ba kuɗin sabulu ba. Kwafin duk abin da aka ɗauka ya zauna a gida, a fada ko a makaranta, inda yaranmu za su gani ba tare da sun sayi data ba. Baje kolin da aka yi da yumɓunmu a Abuja ko Berlin, a kawo shi Kafanchan ko da na mako ɗaya ne, a gayyaci maginiyar ta zauna a kujerar gaba ta yi bayani da bakinta. Gidauniyoyin da ke ba da tallafi kuma su daina sakin kuɗi ga wanda bai nuna wannan yarjejeniya ba.

Masarautunmu na Gwong da Ham da Kagoro da sauransu ba sa buƙatar jiran Abuja kafin su fara. Kowane hakimi zai iya sa a rubuta sunayen maginan tukwane da masaƙa da maƙera da masassaƙa na gundumarsa, a ɗauki hotonsu tare da aikinsu. Ƙungiyoyin ci gaban garuruwanmu da ke tara miliyoyi don rumfa da abincin taro su ware wani abu don biyan tsofaffin nan su koyar, a kuma biya yaran da za su zauna su koya. Ɗalibanmu na kwamfuta da na zane a Gidan Waya da Kafanchan su ne ya kamata su riƙe kyamarar, su naɗi muryar kakanninsu da harshen gida tun suna da rai.

Ku kuma samari masu majigi, ƙofa a buɗe take, ba mu taɓa korar baƙo ba. Ku zo ku zauna, ku kwaɓa yumɓu, ku sha hayaƙin gashi, ku tambayi suna ku rubuta shi daidai, ku biya abin da ya dace. Wanda ba zai iya waɗannan ba, ya bar wayarsa a aljihu, ya sayi tukunya a farashin da mai ita ta faɗa, ya kama hanyar Abuja.